Abin da Aka Buga a Shafin Baya

Panshekara, Kano.
14 ga Maris, 2004.

Zuwa ga Malam Abdulbaqi Shu'aibu, marubucin Jiniyar Ƙarfe Shida.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, ku da iyali da ɗalibanku na firamare a Nguru. Ni ma lafiya lau nake, sai ɗan tari da ya kama ni, shi ma ya yi sauƙi.

Ba ku san ni ba. Sunana Inuwa Ɗahiru, ina aiki a wani kamfani a Challawa, shekarata uku ke nan. A bangon littafinku na ga adireshi, na yi wata guda ina jujjuya abin a raina kafin in ɗauki biro, don ban taɓa rubuta wa marubuci wasiƙa ba.

A shagon haya na fara karɓar littafin. Na mayar, na sake karɓa, na mayar, na sake karɓa, har mai shagon ya gaji ya ce in riƙe kawai tunda na fi shi son abin. Malam, wallahi akwai wurin da na karanta sai da na ajiye littafin na fita waje. Wurin da Mamman yake jiƙa garin kwaki a bayan katangar masaƙa a Bompai, ya juya wa abokan aiki baya don kada su ga ko sukari babu a ciki. Wa ya gaya muku wannan? Ni na ɗauka ni kaɗai na san wannan juya bayan. Sauran littattafan da nake karantawa duk 'ya'yan alhazai ne da motoci, ban taɓa ganin mai fita da asuba ya bi layin ƙofar kamfani ba sai a naku.

Abu biyu nake roƙo. Na farko, na ga a shafin baya kuna buga sunaye da wasiƙun masu karatu. In Allah ya kawo kashi na biyu, don Allah ku sa ni a ciki, ko a can ƙarshe ne. Zan aika wa matata Zaituna a gida ta gani.

Na biyu tambaya ce. Kun ce a ƙauyen su uwar Mamman akwai rijiya da ake kira Mai Tsami, wadda kuka ta faɗi ta gitta bakinta, mata suna zama a kan kututturen suna jiran layi. Malam, wannan rijiyar garinmu ce, Garin Baushe ta wajen Gumel. Mahaifina Liman Ɗahiru ke jan sallah a can. Kun taɓa zuwa ne, ko labari aka ba ku?

In za ku amsa, ku bi ta akwatin gidan waya da na rubuta a bayan ambulan, na mai kantin layinmu ne. In kuma ayyuka sun yi muku yawa, ba komai, na dai faɗi abin da ke raina.

Ku huta lafiya.
Mai karatunku,
Inuwa Ɗahiru.

Nguru.
5 ga Afrilu, 2004.

Ɗana Inuwa,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, ina lafiya, sai gwiwa da ke yi mini tsiya in na daɗe tsaye gaban allo. Tarin nan kada ka raina shi, ka nemi zuma da citta.

Ka ga na ce maka ɗana, ba kuskure na yi ba. Mahaifiyata, Talatu, 'yar Garin Baushe ce. Ita da kakanka Malam Ashafa 'ya'yan wa da ƙani ne. Ke nan ni da Liman Ɗahiru taubasai ne, kai kuma Baffa za ka ce mini ko ka ƙi ko ka so. Rabona da garin tun ina ɗan shekara tara, da aka kai ni wani biki. A kan kututturen kukar nan ubanka ya ture ni na faɗa cikin caɓi, ya tsaya yana dariya da giɓinsa. Yanzu ka ce shi ke jan mutane sallah! Allah mai iko.

Wa ya gaya mini labarin garin kwaki? Cikina. Shekara goma sha ɗaya na yi a masaƙa a Bompai kafin a rage ma'aikata in koma koyarwa. Har yau in ƙarfe shida ta yi sai in ji gabana ya faɗi, kamar na makara.

Sai magana ɗaya. Ka daina mini wannan "ku, ku" ɗin. In na karanta sai in waiwaya in ga ko akwai wani a ɗakin, kuma ba kowa. Ka gaishe da iyali, to iyalin babu. Matata Asabe ta rasu shekara huɗu da suka wuce, 'yarmu guda tana aure a Maiduguri. Daga ni sai butar shayi da kyanwar maƙwabta da ke zuwa yi mini sata.

Wasiƙu suna zuwa mini, amma galibi tambaya ce ko Mamman zai auri wance. Kai ne na farko da ya lura da bayan da ya juya. Don haka ka ci gaba da rubutowa. Ka ba ni labarin Challawa, wane aiki kake yi, me kuke ci, wa ke ba ku dariya. Kashi na biyu yana hannu, kuma na ji roƙonka.

Baffanka,
Abdulbaqi.

Panshekara.
20 ga Yuni, 2004.

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Tari ya tafi, zumar ta yi aiki. Ruwa ya sauka a nan, hanyar Challawa ta zama kogi, manyan motoci sai feshe mu suke yi.

Wannan ce wasiƙata ta huɗu gare ka, kuma sau uku kana tambayata aikin da nake yi ina zillewa. Na ba ka labarin mai shayinmu, na ba ka na mai gadi da ke barci a tsaye. Yau Lahadi, abokan ɗakina sun tafi kallon ƙwallo, ni kaɗai ne, bari in faɗa.

Baffa, a gida an san ni akawu ne. Ni ba akawu ba ne. A kamfanin fata nake, jima nake yi.

Da na gama sakandare wani ya yi mini alkawarin aikin ofis a wata masaƙa a Bompai. Baba ya tara mutane bayan sallar asuba aka yi mini addu'a, mata suka yi mini ƙunshin ƙuli-ƙuli. Na iso Kano na tarar an garƙame ƙofar masaƙar, sati biyu da rufewa. Da wace fuska zan koma? Na yi wata uku ina yawo tsakanin Bompai da Sharada da takardata a leda, kafin wani mutumin Ringim ya kawo ni nan.

Aikina shi ne fitar da ɗanyun fatu daga ramin kemikal, in ɗora a kan katako in kankare sauran nama da gashi. Akwai safar hannu, amma in ta huje sai ka jira wata. Tafin hannuna duk ya tsattsage, faratana sun yi baƙi. Warin kuwa, ba a magana. Ina wanka a famfon kamfani, in sake wani a gida, amma in na shiga motar cikin gari sai in ga na kusa da ni ya matsa ya buɗe gilashi. Ba na jin haushinsa, ni ma da haka zan yi.

Ka san gidanmu, gidan malamai ne. Majeman Garin Baushe suna can bayan gari, ana gaisawa, ana zuwa jana'izar juna, amma ba a auratayya. Shi ya sa in zan je gida da sallah nake da kaya na musamman da nake ajiyewa wurin mai wanki da guga, ba sa kwana a ɗakina. In sa su, in shafa turare, in maƙala biro biyu a aljihun gaba. Biro biyu, Baffa, ja da shuɗi! Baba yakan riƙe hannuna a ƙofar masallaci ya ce wa baƙi, "Ga yaron nan da ke riƙe wa kamfani littattafai a Kano." Ni kuwa sai in dunƙule hannun don kada ya ji kaushinsa.

Zaituna ma ba ta sani ba. Kullum tana cewa in kawo ta Kano, ina cewa sai an ba ni gidan ma'aikata.

Abin da ya fi damuna ba aikin ba ne, halak ne, da shi nake aika musu hatsi. Kaɗaici ne. A gida ba su san ni ba, wani Inuwa suka sani mai biro. A nan kuma ban cika sakewa da mutane ba, tsoro nake kada wani ya san wani ɗan garinmu. Shekara uku ban yi magana da kowa yadda nake yi da kai ba, ga shi ko fuskarka ban sani ba.

Na ji sanyi da na rubuta wannan. Ka yi mini addu'a.

Ɗanka,
Inuwa.

Nguru.
11 ga Yuli, 2004.

Ɗana Inuwa,

Amincin Allah ya tabbata gare ka. Gwiwa da sauƙi, damina ce ba ta so. An kusa hutu, yara sun ishe ni da jarrabawa.

Wasiƙarka sau uku na karanta ta a tsaye, shayina ya huce ban sani ba. Yaro, ashe kai ne marubucin, ni ɗan kwaikwayo ne. Shekara biyu ina fama da Mamman, ban iya sa masa abu mai nauyin biro biyun nan naka ba. Na yi dariya a wurin, sai kuma na ji hawaye.

Ba abin kunya a aikinka. Takalman da manya ke taƙama da su, da hannu irin naka aka fara su. Mutanen da ke wucewa ta Challawa suna toshe hanci ya kamata su san akwai 'yan Adam a bayan katangar, masu iyaye da mata.

Tun rasuwar Asabe ba wanda nake karanta wa rubutuna. Ita takan zauna tana tsince shinkafa ina karantawa, in ta ce "uhm" to wurin ya yi, in ta yi shiru sai in yage shafin. Yanzu in na rubuta layi sai in ce, ko me Inuwa zai ce? Ka ga matsayin da ka hau ba ka nema ba.

Kashi na biyu zai tafi wurin masu ɗab'i a Kano ƙarshen wata. Ban manta da roƙonka ba, har na yi maka fiye da abin da ka roƙa. Ba zan faɗa ba, sai ka gani da idonka.

Baffanka,
Abdulbaqi.

Panshekara.
21 ga Nuwamba, 2004.

Malam Abdulbaqi,

Assalamu alaikum. Ina fata an yi sallah lafiya. Ni lafiyar jiki ƙalau.

Na gani da idona.

Ranar da littafin ya fito na je har kasuwa na saya, ban tsaya karanta labarin ba na buɗe shafin baya ina murna. Sai ga wasiƙata ta watan Yuni, tun daga sallama har "ɗanka Inuwa". Ga sunana, ga Baba, ga Garin Baushe, ga Zaituna, ga biro ja da shuɗi. Har ka ƙara a sama da manyan baƙaƙe cewa wannan ce wasiƙar da ta fi taɓa zuciyarka. A bakin shagon na tsuguna, mai shagon ya ɗauka azumi ne ya kayar da ni.

Sunana na roƙa ka sa. Wasiƙar farko na ce, mai yabon littafi. Waccan ta Yuni ba mai karatu ne ya rubuta wa marubuci ba, ɗa ne ya rubuta wa baffansa.

Ni da kaina na aika wa Zaituna kashi na ɗaya, ya zaga gidajen garin kaf, kowa yana jiran na biyu. Wata ta sayo shi a kasuwar Gumel. A gidan suna aka karanta, da ƙarfi, mata cike da tsakar gida, Zaituna tana zaune a cikinsu. Kafin magariba magana ta kai masallaci.

Baba ya aiko direban motar garinmu ya gaya mini in zauna inda nake sai ya neme ni. A ɗakin nan na yi sallah. Kayan da ke wurin mai guga ban ma karɓo su ba.

Zaituna ta ba direban 'yar takarda. Ta ce ita ta sani tun shekarar farko, don ita ke wanke singiletina, turare ba ya kai wa can. Ta yi shiru ne tana jiran ranar da zan gaya mata da bakina. Ta ce dariyar mata ba ta dame ta ba kamar yadda na iya buɗe cikina ga mutumin da ban taɓa gani ba, ita kuwa shekara uku ina yi mata labarin gidan ma'aikata.

A wurin aiki ma an karanta. Yanzu "Akawu" suke kirana. Mutumin Ringim da ya samo mini aikin ya ce, "Ashe kunyarmu kake ji, Inuwa?" Tun ranar ba mu ci abinci tare ba.

Da ina da wuri guda da nake faɗin gaskiya. Yanzu ko biro na ɗauka sai in ji kamar a kasuwa nake magana. Labarin Mamman na biyun ban karanta ba, yana ƙarƙashin katifa.

Ba sai ka amsa ba.

Inuwa Ɗahiru.

Nguru.
6 ga Disamba, 2004.

Ɗana Inuwa,

Assalamu alaikum. Ka ce ba sai na amsa ba, amma ba zan iya ba. Ina fata kana lafiya. Ni ba na jin daɗin komai.

Na yi laifi, ba ni da hanzari. Mu marubuta mun saba, duk takardar da ta zo ta akwatin nan ta shafin baya ce, wadda ta fi kyau ita ake sa wa a gaba, masu ita kuma murna suke yi. Na karanta taka na ga kyanta, ban ga amanar da ke ciki ba. Ka rubuta mini ƙarara cewa ko Zaituna ba ta sani ba, na karanta sau uku, amma abin da na gani shi ne layi mai daɗi. Tsoho da ni, da furfura. Da Asabe tana nan da ta yi shirun nan nata, da na gane.

Na zo Kano makon jiya. Na je wurin masu ɗab'i ko za a cire shafin, suka ce littafi ya riga ya kai Sakkwato da Maraɗi. Daga nan na hau mota zuwa Challawa. Na tsaya a gefen titi lokacin tashi daga aiki, mutane suna ta fitowa ɗari-ɗari, masu keke, masu tafiya a ƙasa, kowa da ledarsa. Ina ta kallon hannuwa. Sai na tuna ban san fuskarka ba, ban ma san wace ƙofa ce taku ba, kuma in na ambaci sunanka na ƙara maka wani abin. Da na yi tambaya a Panshekara da na sami kantin layinku, ƙafata ce ta ƙi. Na tsaya har titi ya yi fayau, na koma tasha.

Ka yafe mini in za ka iya. In ba za ka iya ba yanzu, zan jira.

Baffanka,
Abdulbaqi.

Nguru.
27 ga Janairu, 2005.

Ɗana Inuwa,

Assalamu alaikum, barka da sallah. Wata biyu ban ji daga gare ka ba. Kullum Litinin da Alhamis ina zuwa gidan waya, har ma'aikacin yana hango ni yake girgiza kai. Ina fata lafiya ce ta sa shirun, ba ciwo ba.

Wannan takarda za ta zo maka tare da buhu ta hannun direban garinku. Kafin ka buɗe buhun ka karanta.

Washegarin babbar sallah na je Garin Baushe. Ban nemi izininka ba, na sani, wannan ma wani karambanin ne. Amma ni na kunna wutar, ban ga dalilin da zan zauna a Nguru ina shan shayi ba. Kukar tana nan a bakin rijiya, ta dai ruɓe ta gefe ɗaya.

Na sami ubanka a zaure bayan azahar. Na yi sallama na ce, "Ina mai giɓin da ya ture ni a caɓi?" Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗan Talatu. Kai ne mai tallan asirin mutane a kasuwa?" Na ce ni ne. Ya ce in zauna, aka kawo ruwa da soyayyen nama.

Ka san tsakanin taubasai ba a ɓoye magana. Na ce, "Liman, wannan buzun da kake zaune a kai, daga sama ya faɗo? Gafakar da Alƙur'aninka yake ciki, mala'iku ne suka jeme ta?" Na ɗauka na kama shi. Sai ya ce, "Kai har yanzu surutu ne da kai. Kana tsammani jimar ce ta hana ni barci? Ta ɓata mini rai kwana biyu, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ni nake tsayawa gaban mutanen nan sau biyar a rana. Shekara uku ina riƙe hannun yaron nan ina faɗa musu abin da ba haka ba, da bakina. Ya bar ni ina yi. Kuma na sha jin tafin hannunsa, na ce a raina wannan ba hannun biro ba ne, ban tambaya ba don ina son abin da nake faɗa."

Na karanta masa wurin da ka ce da aikin kake aika musu hatsi, ya ce in bari, an riga an karanta masa.

Na gaisa da Zaituna ta bakin ƙofa. Tana lafiya. Ta tambaye ni ko tarin nan ya dawo maka, na ce ban sani ba, ba ka rubuto mini. Ta ce, "Ashe mu biyu ne."

Da safe zan tafi, har na kai bakin hanya, sai ga ubanka da kansa ɗauke da buhu. Fatar ragon layyarsa ce, an zuba mata gishiri. Kowace shekara masallaci yake ba wa, bana ya riƙe. Ya ce, "Ka aika masa. Buzuna ya tsufa." Na ce, "In ce masa ya zo gida?" Ya ce, "Ka ce masa buzuna ya tsufa." Ya juya ya tafi.

Iyakar abin da na samo ke nan, ban ƙara ba ban rage ba.

Kashi na uku na sa shi a akwati na rufe. Masu ɗab'i sun aiko sau biyu, na ce babu. Ba don in ba ka tausayi na faɗa ba. In na zauna rubutu ba wanda nake rubuta wa, shi ke nan.

Baffanka,
Abdulbaqi.

Panshekara.
13 ga Fabrairu, 2005.

Baffa,

Wa alaikumus salam. Takardunka biyu duk sun zo, buhu ma ya zo. Lafiyata ƙalau, tarin ya ɗan dawo amma ba sosai ba. Yaya gwiwa bayan wannan doguwar tafiya?

Da na buɗe buhun na daɗe a zaune. Sai kuma dariya ta kama ni, abokan ɗakina suka ɗauka na zare. Baba bai san mu a kamfani gashin muke fara cirewa ba. In na sa fatar nan a raminmu, abin da zai fito ko kyanwar maƙwabtanka ba za ta kwanta a kai ba. Shekara huɗu ina jima, ashe buzu ɗaya ban iya ba.

Mutumin Ringim na tambaya. Ya harare ni, ya ce, "Akawu zai koyi aikin hannu?" Amma ya raka ni cikin gari wurin wani tsohon majemi, kawunsa ne. Tsohon ya ce ba zai yi mini ba, sai dai ya nuna mini, da bagaruwa, yadda ake yi tun da. Lahadi biyu ke nan ina zuwa. Ya ce saura biyu. In fatar ta yi, da kaina zan kai wa Baba, da kayan da nake sawa kullum. Ban san abin da Baba zai ce ba. Na rubuta wa Zaituna, shafi huɗu, ba ta amsa ba tukuna.

Ba zan ce maka na huce ba, Baffa. Har yanzu ban manta da gidan sunan nan ba. Amma wata uku da na yi ban rubuta maka ba, abu zai faru a wurin aiki in ce wannan sai Baffa ya ji, sai in tuna. Wannan ya fi fushin ciwo.

Na ciro littafin daga ƙarƙashin katifa na karanta. Ka bar Mamman tsaye a ƙofar masaƙa an rufe ta, da ledarsa a hannu, sannan ka ce wai ka kulle akwati? Ni na taɓa tsayawa a wurin nan, ba a barin mutum a can. Ka buɗe akwatin. In ka rubuta ka aiko mini tukuna, inda bai yi ba, zan yi maka shiru.

Ranar da ka zo Challawa, ƙofarmu ita ce ta ƙarshe kafin gada, mai koren fenti. Ina jin ta gabanka na wuce. In an yi hutun makaranta ka dawo ranar Lahadi, ka sauka a Panshekara ka tambayi kantin. Akwai shayi, akwai sukari. Ba za ka sha wuyar gane ni ba, hancinka zai riga idonka.

Wannan takardar taka ce kai kaɗai. Kada ka buga ta.

Ɗanka,
Inuwa.